Yadda Na Koyi Shayar da 'Yata a Watannin Jego

A duk tsawon watannin da na yi ina zuwa awon ciki, hankalina yana kan naƙuda ne, domin ita ce kowace mace take ba mai cikin fari labarinta. Game da shayarwa kuwa, abin da na riƙe bai wuce shawarar nan ta Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da ma'aikatan lafiya suke nanata mana ba: a sa jariri a nono cikin sa'ar farko bayan haihuwa, a ba shi nono zalla ba tare da ko ruwa ba har wata 6, sannan a ci gaba da ba shi tare da sauran abinci har shekara 2 ko fiye. Na yarda da wannan shawara tun a lokacin, kuma har gobe ina kanta, amma ba ta gaya wa mace abin da za ta yi idan kan nononta ya tsage, ko nonon ya kumbura ya yi tauri, ko jariri ya kwana yana kuka mutanen gida suna cewa bai ƙoshi ba. Duk waɗannan sun same ni, kuma kowannensu ya zamo yana da dalilin da ake iya ganowa, muddin an sami wanda zai zauna ya duba uwa da ɗanta tare.

Na haifi 'yata ba tare da an yi mini aiki ba, sai dai an yi mini ƙari, aka kuma ɗinke. Ungozomar da ta karɓi haihuwar ta goge yarinyar, ta ɗora mini ita a ƙirji fata da fata, ta lulluɓe mu, kuma kafin a gama ɗinkin ta fara juya kai tana laluben nono da baki. Da na matsa don in taimaka mata, ɗigo kaɗan ne ya fito na ruwa mai kauri, rawaya-rawaya, wato dakashi, sai gabana ya faɗi, domin ban ga yadda wannan zai ƙosar da ɗan mutum ba. Ungozomar ta ce mini, "Mai jego, kwantar da hankalinki, cikinta a yau bai fi ya ɗauki cokalin shayi guda ba a kowane sha." Gaskiya ta faɗa, domin cikin jariri a ranar farko yana ɗaukar abin da bai wuce mililita 5 zuwa 7 ba a sha ɗaya, kuma dakashi, duk da ƙarancinsa, cike yake da sinadaran garkuwa masu kare hanjin jariri daga ƙwayoyin cuta, sannan yana taimaka masa ya fitar da baƙin kashin nan mai danƙo na farko. Duk lokacin da ta kama nono kuma sai marata ta murɗa, jini ya ɗan ƙaru, har na zaci wata matsala ce. Aka yi mini bayani cewa tsotson jariri yana sa jiki ya saki sinadarin oksitosin, wanda yake tunkuɗo ruwan nono, shi ne kuma yake matse mahaifa ta koma yadda take, ta haka zubar jini yake raguwa.

Wahalar ta fara ne bayan an sallame mu. Tun kafin nonon ya kawo sosai, kan nonona ya fara zafi, daga nan ya tsage, har ta kai idan na ji motsin yarinyar tana shirin farkawa sai jikina ya ɗau rawa saboda na san abin da ke gabana. Nakan dafe gefen gado in cije leɓe kafin ta kama, idan ta saki kuma sai in ga kan nonon ya baje ya yi fari, wani lokaci da ɗigon jini. Matan da suke zuwa duba ni, cikin tausayi da kyakkyawar niyya, kalma ɗaya suke faɗa mini, wato in yi haƙuri, kowace mai haihuwar fari haka ta yi, fatar za ta saba. A ganina wannan magana tana cutar da masu jego fiye da yadda masu faɗarta suke zato, domin tana hana mace neman taimako a lokacin da gyaran yake da sauƙi. Ɗan zafi a farkon kamu cikin kwanakin farko abu ne da mata da yawa suke ji, amma zafin da yake ci gaba har ƙarshen sha, da tsagewa da jini, alama ce ta cewa jariri bai kama daidai ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a duba uwa da jariri cikin sa'o'i 24 na farko, a sake duba su tsakanin sa'o'i 48 zuwa 72, sannan tsakanin kwana 7 zuwa 14, sai kuma a mako na 6. A zuwan da muka yi na biyu ne na haɗu da wata nas mai ɗan shekaru, wadda ba ta fara da rubuta mini man shafawa ba. Kujera ta jawo ta zauna kusa da ni ta ce, "Ba ta mu gani." Na sunkuya na kai wa yarinyar nono kamar yadda na saba, tana kwance rigingine a cinyata, kanta kaɗai ya juyo wajena. Nas ɗin ta bari ta yi 'yan tsotso, sannan ta sa ɗan yatsanta a gefen bakin yarinyar tsakanin dasashi ta cire ta a hankali, ta nuna mini cewa kan nono kawai take kamawa, tana murza shi tsakanin harshe da ganɗa mai tauri. Ta duba ƙarƙashin harshenta ko akwai linzami, wato fatar da take ɗaure harshe ta hana shi motsi, ta ga babu. Daga nan ta sa na jingina bayana, ta juyo da jikin yarinyar gaba ɗaya cikinta ya manne da nawa, kunne da kafaɗa da ƙugu suka daidaita a layi ɗaya, hannuna yana tallabe da wuyanta da bayanta. Ta ce in saita hancinta da kan nonon, in ɗan shafi leɓenta na sama, in jira har ta wangale baki sosai, sannan in jawo ta da sauri zuwa nonon maimakon in sunkuya in kai mata.

Ba mu dace a gwajin farko ba, amma da ta kama daidai, na ji bambancin nan take. Nas ɗin ta nuna mini abubuwan da zan riƙa dubawa da idona: baki a buɗe sosai, leɓen ƙasa ya naɗo waje, haɓa tana taɓa nono, kuma baƙin da ke kewaye da kan nono ya fi bayyana ta saman bakin fiye da ta ƙasa. Kumatun yarinyar suka cika maimakon su loɓa, tsotson ya koma mai zurfi a hankali tare da ɗan tsayawa, na kuma ji sautin haɗiya a karon farko. Zafin bai tafi gaba ɗaya ba tun da akwai rauni a wurin, sai dai ya zama abin da zan iya jurewa. Ta ce in riƙa shafa ɗigon ruwan nonon a kan tsagewar bayan kowane sha, in bar wurin ya sha iska, in daina wanke shi da sabulu. Cikin kwanaki kaɗan raunin ya fara warkewa, kuma ban daina shayarwa ba ko sau ɗaya saboda shi.

A wannan tsakanin ne nonon ya kawo, kamar yadda yakan yi ga yawancin mata tsakanin kwana na 2 zuwa na 5. Ya cika ya yi nauyi da tauri, fatar ta miƙe tana sheƙi, har yarinyar ta kasa samun wurin kamawa, tana ta zamewa tana kuka. Abin da aka koya mini shi ne in tatsa kaɗan da hannu kafin in ba ta, ina sa babban yatsa a sama da manuni a ƙasa, a bayan baƙin nonon, in danna wajen ƙirji sannan in matsa, har gaban ya yi laushi. Bayan ta sha sai in ɗora tsumma mai sanyi don kumburin ya sauka. Kumburin bai daɗe ba.

Abin da ya fi daɗewa shi ne tsoron cewa nonona ba ya isarta. Yarinyar tana neman nono kusan kowace sa'a biyu, da yamma kuma sai ta manne ta sha ta saki ta sake nema na tsawon lokaci, kuma kowa a gidan yana da fassararsa. Mahaifiyata, wadda ta zo ta zauna da ni, takan ce, "'Yar nan, anya yarinyar nan tana ƙoshi? Ko ruwa ne a ɗan ɗiga mata, ƙishirwa take ji." Wata 'yar'uwar maigidana kuma ta zo da gwangwanin madarar jarirai da bulumboti a matsayin gudummawa. Na ɗauki gwangwanin ina juya shi a hannu cikin dare, na ga an rubuta a jikinsa cewa nonon uwa shi ya fi dacewa da jariri, gargaɗin da aka buƙaci kamfanoni su riƙa sa wa tun bayan ƙa'idar tallan madarar jarirai da Babban Taron Lafiya na Duniya ya amince da ita a 1981. Ba na ganin laifin uwar da ta ba ɗanta madara, domin akwai wadda ciwo ko magani ko ƙarancin nono na haƙiƙa ya tilasta mata, kuma ita ma tana buƙatar a koya mata haɗawa da tsafta ba tare da gori ba. Damuwata ita ce a yanke hukuncin rashin isar nono bisa kukan jariri kawai, alhali kuka yana da dalilai da yawa.

Nas ɗin ce ta ba ni ma'aunin da na dogara da shi. Ta ce jariri sabon haihuwa yana sha sau 8 zuwa 12 a cikin sa'o'i 24, kuma yawan nema da yamma ba baƙon abu ba ne. Abin dubawa shi ne abin da yake fita da kuma sikeli: daga wajen kwana na 5 ya riƙa jiƙa kunzugu aƙalla sau 6 a yini da dare da fitsari mai haske, kashinsa ya sauya daga baƙi zuwa rawaya mai laushi, kuma ko da yake jarirai suna rage nauyi a kwanakin farko, raguwar da ta haura kashi 10 cikin 100 tana buƙatar bincike, yawancinsu kuma suna komawa nauyin haihuwa kafin mako 2 ya cika. Game da ruwa, ta bayyana wa mahaifiyata cikin ladabi cewa kusan kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne, kuma ruwan da za a ɗiga wa jariri yana cika masa ciki ya rage tsotso, yana kuma iya jawo gudawa. Ta ce nono kamar rijiya yake, iya ɗiba iya tsattsafowa, saboda tsotso ne yake sa jiki ya saki sinadarin furolaktin mai samar da shi, musamman da dare, shi ya sa duk shan da aka musanya da bulumboti yake rage abin da jiki zai samar gobe. Da aka ɗora yarinyar a sikeli a zuwa na uku aka ga ta wuce nauyin haihuwarta, mahaifiyata da kanta ta ɗauke gwangwanin ta adana.

A makon farkon nan kuma farin idon yarinyar da fuskarta sun ɗan yi rawaya. Aka auna ta aka ce cutar shawara ce irin wadda take fitowa ga jarirai da yawa daga kwana na 2 ko na 3, ba ta kai matakin da za a sa ta ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske ba, aka ce in yawaita ba ta nono ko da sai na tashe ta daga barci. An gargaɗe ni in dawo da ita ba tare da jinkiri ba idan rawayar ta sauka zuwa tafin hannu da na ƙafa, ko ta ƙi kama nono, ko jikinta ya saki, ko ya yi zafi ko sanyi, ko numfashinta ya yi sauri.

Ina ganin mun fita daga wahala sai ciwon nono ya kama ni a wajen mako na uku. Da yamma na fara jin sanyi yana ratsa ni, gaɓoɓina suna ciwo, kafin dare zazzaɓi ya rufe ni, na kuma tarar da wani sashe na nonon hagu ta wajen hammata ya yi tauri da zafi, fatar wurin ta sauya launi, ko riga ta taɓa sai na ji har cikin raina. Nan da nan aka fara cewa nonon ya lalace, kada a ba yarinyar. Da safe maigidana ya kai ni asibiti, likita ya duba ya ce kumburin nono ne wanda yakan biyo bayan taruwar ruwan nono a wani sashe, kuma tsagewar da na yi fama da ita tana iya buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya. Ya jaddada cewa nonon ba zai cutar da yarinyar ba, daina ba ta ne ma zai ƙara cunkoso har abin ya zama ƙurji mai ruwa da sai an zuƙe ko an tsaga. Ya hana ni murza wurin da ƙarfi, ya ce in ci gaba da shayarwa yadda ta nema, in ɗora abu mai sanyi, in kwanta in huta, in bar rigar nono mai matsewa. Ya rubuta mini maganin zafi da na kashe ƙwayoyin cuta waɗanda suka dace da mai shayarwa, ya ce in shanye su duka ko da na ji sauƙi. Zazzaɓin ya sauka bayan kwana biyu, taurin kuma ya ɗauki lokaci kafin ya narke.

Wannan ciwo ne ya sa aka waiwayi jikina gaba ɗaya. Duk wanda ya shigo gidan mai jego jariri yake fara nema, ni ma kaina ban ɗauki jirin da nake ji idan na miƙe da bugun zuciyar da nake yi bayan ɗan tafiya a bakin komai ba. Da likitan ya sa aka auna jinina sai aka tarar ya yi ƙasa, sakamakon wanda na zubar wajen haihuwa, aka ɗora ni a kan ƙwayoyin ƙarin jini na wasu makonni. Ya duba ɗinkin, ya auna hawan jinina, ya kuma tambaye ni game da jinin biƙi, wanda yake farawa ja, ya koma ruwan ƙasa, sannan fari-fari, yana iya kaiwa mako 6. Ya lissafa wa maigidana, ba ni kaɗai ba, alamomin da ba a kwana da su a gida: jinin da yake jiƙa audugar mata cikin sa'a guda ko yake fita da manyan gudaji, ruwa mai wari tare da zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburi da ciwo a ƙafa ɗaya, ciwon ƙirji ko wahalar numfashi. A nan na san cewa hawan jinin da yake kai mace ga jijjiga yana iya tasowa bayan haihuwa, har ga wadda ba ta yi shi da ciki ba.

Akwai kuma abin da ba a gani da ido. A kwanakin farko nakan fashe da kuka ba tare da dalili ba, aka ce mini sauyin sinadaran jiki ne da rashin barci, kuma yakan wuce cikin mako 2 ga yawancin mata. Nawa bai wuce ba. Na wayi gari ba na jin daɗin komai, ko yarinyar ta yi barci ni ba na iya runtsawa, ina ta tunanin cewa na gaza a matsayin uwa. Nas ɗin nan ce ta lura da yanayina, ta ba ni wata takarda mai tambayoyi 10 game da yadda na ji a mako guda da ya wuce, wadda aka tsara a Edinbura ta ƙasar Sikotilan a 1987 don gano ciwon damuwa na bayan haihuwa. Ta gaya mini cewa bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, kimanin kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna fuskantar matsalar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa, kuma wannan ba raunin zuciya ba ne ko rashin godiya ga ni'imar haihuwa. Aka haɗa ni da mai ba da shawara, muka riƙa zama muna tattaunawa. Likita ya ce akwai magungunan damuwa da mai shayarwa take iya sha idan buƙata ta taso, kuma duk ranar da na ji tunanin cutar da kaina ko yarinyar, a kawo ni a lokacin.

Abin da ya fi taimaka mini a gida shi ne barci. Maigidana ya ɗauki nauyin duk abin da ba shayarwa ba a farkon dare: idan ta gama sha sai ya karɓe ta ya ɗora a kafaɗa har ta yi gyatsa, ya sauya mata kunzugu, ya kwantar da ita rigingine a shimfiɗarta kusa da gadonmu, ni kuwa in juya in yi barci har sai ta sake nema. Mahaifiyata ta karɓi aikin gida da tarbar baƙi. Na kuma koyi shayarwa a kwance ta gefe, abin da ya sauƙaƙa mini zaman da ɗinkin yake hana ni.

A duban mako na 6 aka tarar jinina ya fara ƙaruwa, ɗinkin ya warke, yarinyar kuma nauyinta yana tafiya daidai a katin awo. Nas ɗin ta tayar da maganar tazarar haihuwa, ta bayyana cewa shayarwa tana hana ɗaukar ciki da kusan kashi 98 cikin 100 ne kawai idan sharuɗɗa uku sun cika tare, wato jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Da zarar ɗaya ya faɗi sai a nemi wata hanya, kuma shawarar masana ita ce a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a sake ɗaukar wani cikin. Muka zaɓi hanyar da ba ta rage yawan nono.

Da lokacin komawata aiki ya matso, na fara tatsa ina ajiyewa a mazubi mai tsafta da murfi, bisa ƙa'idar cewa nonon da aka tatsa yana kaiwa sa'o'i 4 a ɗaki idan babu zafi sosai, da kwana 4 a firji, kuma ana ɗumama shi ne a cikin ruwan ɗumi ba a kan wuta ba. Mahaifiyata ta riƙa ba ta da ƙaramin kofi, ni kuma ina tatsa a wurin aiki don kada nonon ya ragu, idan na dawo in ba ta ta sha yadda take so. Da ta cika wata 6, ta fara zama da ɗan tallafi tana bin hannun mai cin abinci da ido, muka soma ba ta abinci mai laushi cokali 2 zuwa 3, sau biyu a yini, bayan ta sha nono. A watan da ya biyo baya haƙoranta na ƙasa suka fito ta fara cizo a ƙarshen sha, sai na koma wajen nas ɗin, ta nuna mini cewa jariri ba ya iya cizo yana cikin tsotso tun da harshensa yana rufe da haƙoran ƙasa, don haka in riƙa lura da lokacin da haɗiyarta ta tsaya, in sa yatsa a gefen bakinta in cire ta kafin ta datse.